Dattijo A Kan Keke: Wa Ya Ce Tsiya Ce?

Jama'a, wata ranar Lahadi cikin watan Yuni ina dawowa gida a Agege da misalin ƙarfe 8 na safe, ruwa ya ba ni kashi tun daga wajen Ikeja, riga ta manne a jiki, tayar baya kuma ta yi mini zane da taɓo tun daga ƙugu har ƙeya, sai ga wani abokina mai sayar da goro ya fito daga rumfarsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dafa kan keken, ya rage murya don kada yara su ji, ya ce, "Malam, in kuɗin mota ne ya yanke maka ai sai ka yi magana. Mu ba mu mutu ba tukuna." Na yi dariya na ce masa yawon shan iska na fita. Ya saki baki ya ce, "Shan iska? A kan keke? Da furfurarka? Cikin wannan ruwa?"

Na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba a cikin mutanenmu mazauna Kurmi, shi ya sa na ga ya kamata in kawo maganar wannan fili mu tattauna. Ra'ayina dai a taƙaice shi ne, yawancinmu da muka haura shekara 40 muna zaune a Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal muna bukatar keke fiye da yadda muke bukatar sabuwar babbar riga, kuma ruwan Kurmi da 'yan cututtukan da girma ke kawowa ba su isa su zama hujjar jingine shi ba.

Wanda ya tashi a Arewa kafin zamanin man fetur ya san darajar da keke ya taɓa yi. Malamin makaranta da Rali yake taƙama, haka ma malamin asibiti da ɗan kasuwa. A yanki lasin a ofishin En'e, a ɗaura madubi biyu, a naɗe ƙarfen da roba mai launi don kada fenti ya kwaile, ranar Juma'a a wanke shi tas kamar dokin sarki. Mu kuwa yara, kwabon da aka ba mu na tara sai mu kai wa mai hayar keke, mu zura ƙafa ta tsakiya don ba mu kai sirdi ba, mu faɗi mu tashi, gwiwa duk tabo. Har masana'anta kamfanin Raleigh na Ingila ya kafa a Kano saboda yawan ciniki. To, da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, a shekarar kuma aka fara haɗa motar Fijo a Kaduna, sai kowa ya koma neman babur da mota, keke ya zama na mai tallar burodi da mai ɗauko itace. Tun daga lokacin muka ɗora masa sunan talauci, har yau kuwa ba mu sauke ba. Ku tuna a 2001 da Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya riƙa hawa keke zuwa ofis a Abuja yana kiran jama'a su yi koyi da shi. Da wata bas ta ture shi ya faɗa kwalbati, ƙasa duka ta ɗauki dariya. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Ban san nawa lokacin yana tafe ba.

Yanzu mu dubi zamanmu a nan. Ba da 'yan dako nake ba, ko masu tura baro a kasuwar Mil 12, ko 'yan ga-ruwa, waɗannan jikinsu yana samun motsi har ya yi yawa, hutu suke nema. Da mu nake, masu zama. Mai canji yana kan benci tun safe har magariba. Mai shago yana cikin akurkinsa, in ya miƙa hannu ya taɓa ko wane bango. Maigadi yana kan kujera a bakin ƙofa. Dillalin shanu a Oko-Oba, direban tirela da ke kwana da kwanaki a layi a Apapa, duk zama ne. Abincin kuma kun san shi: shayi da madara da sukari cokali huɗu, burodin Agege mai laushi, lemon kwalba da rana, tsire mai kitse da dare. A ƙauye mutum ya ci tuwo ya tafi gona ya ƙone shi. A nan mun ci mun zauna, tumbi ya fito, mu ce rufin asiri ne.

Sakamakon kuwa ba sai an faɗa muku ba. Wanene a cikinmu bai taɓa ba da gudummawa ba don a ɗauki hayar mota a mai da wani dattijo gida, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, ba ya iya kiran sunan 'ya'yansa? Mutum ya yi shekara 30 yana nema a Kurmi, ya gina gida a garinsu don ya je ya huta, ƙarshe a shigar da shi gidan a ɗauke. Mu ce jifa ne, ko iska ta buge shi. Alhali kuwa sau da yawa hawan jini ne da ya daɗe yana ci a ɓoye, ba a auna ba, ba a sha magani ba, ba a motsa jiki ba.

Ni a 2019 aka kama nawa. Jiri ya ɗebe ni a bakin shago, aka kai ni wani asibiti, likita ya ɗaura mini abin awo a hannu ya ce jinina ya haura 170 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini. Ya rubuta ƙwayoyi, ya hana ni yawan gishiri, sa'an nan ya ce lalle in riƙa motsa jiki. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga baligi ita ce aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, watau kamar rabin sa'a sau biyar. Na fara da tafiyar ƙasa, amma gwiwata ta dama ta ƙi, don tun da can tana ciwo. Likitan ne ya ce in gwada keke, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin mutum, gwiwa juyawa kawai take yi ba ta shan duka kamar a gudu. Na sayi wani ɗan gwanjo. Ranar farko minti 10 na yi na sauko ina haki, kwana uku kuma ban zauna daidai a kan benci ba. Amma kafin wata shida ina yin mil goma ban ji komai ba, barci ya dawo mini, wandon da na ajiye ya koma shiga.

To, sai maganar ruwa, wadda ita ce babbar hujjar masu ƙin fita. Gaskiya ne daminar Kurmi daban take da wadda muka sani. A gida hadari yana da ladabi. Za ka gan shi ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, mata su kwashe shanya, a kora awaki, sa'an nan ya zuba na sa'a guda ya ɗauke, rana ta fito. A Ikko kuwa sai ka fita sama tas, kafin ka kai mil biyu an rufe ka. Ruwan yakan kankama tun watan Afrilu, ya yi tsanani a Yuni da Yuli har a yini ana yayyafi ba a ga rana ba, ya ɗan lafa a Agusta, ya komo a Satumba da Oktoba. Abin da ke sauka a Ikko a shekara ya kusa ninka na Kano sau biyu. In ruwa ya tafi, hunturu ya ɗan leƙo a Disamba da Janairu da ƙurarsa, daga nan sai zafin Fabrairu da Maris mai gumi, wanda mutum yana zaune ma yana tsiyaya. Saboda haka duk wanda ya ce sai ranar da gari ya yi daidai zai hau keke, to, ya sayar da keken tun yanzu ya huta, don ranar ba ta cika zuwa ba.

Amma fa ruwa suna ya tara. Yayyafi ba ya hana ni fita, har ma na fi jin daɗinsa, domin gari ya yi sanyi, ƙura ta kwanta, hanya ba kowa. Abin lura kawai shi ne birki. Irin tsohon keken nan mai bakin taya na ƙarfe, in ya jiƙe sai ka matse birki ka ji kamar ba ka taɓa komai ba, sai taya ta juya sau da yawa robar ta share ruwan kafin ta kama. Don haka a rage gudu, a fara kama birki tun daga nesa. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba shi ya fi santsi, saboda yana taso da baƙin man da motoci suka zubar a kan kwalta. In kuwa ana walƙiya da tsawa, a sauka a shiga ƙarƙashin gini, kada a fake a gindin bishiya. In an dawo gida a cire jiƙaƙƙun kaya nan take, a goge kaca a ɗiga mata mai, in ba haka ba iskar teku za ta cinye ta da tsatsa cikin mako guda.

Wanda ba na wasa da shi, shi ne ruwan da ya kwanta a hanya. Mazauna Ikko ba su manta da ruwan ranar 10 ga Yuli 2011 ba, wanda ya yini yana zuba ya shanye unguwanni, mutanen Badun kuma suna da labarin kogin Ogunpa na 1980 da abin da ya sake yi a 2011. Amma ba sai an yi irin wannan babbar ambaliya ba. Ruwan da bai wuce idon sahu ba ya isa ya ɓoye rami. Ni na koyi wannan da jikina a daminar 2021. Wani lungu ne da nake bi kullum, na san shi kamar tafin hannuna, ruwa ya rufe shi, na ce bari in ratsa. Ashe an ɗauke murfin kwalbati guda. Tayar gaba ta nutse, na tashi sama na sauka a kan kafaɗa. Allah ya kiyaye ƙashi bai karye ba, amma mako bakwai na yi ban iya ɗaga hannu na sa riga da kaina ba. Tun daga ranar, in ban ga ƙasa da idona ba, sauka nake yi in tura, ko in juya. Ga kuma ƙazantar da ke cikin ruwan, da wayar lantarki da kan tsinke ta faɗa ciki.

Akwai wata magana da mutanenmu suka riƙe, wai dukan ruwa ne ke sa zazzaɓin cizon sauro. Sunan cutar ma ya isa amsa. Sauro ne ke kawo ta, shi kuwa yana yawaita da damina saboda kwantaccen ruwa, shi ya sa abin biyu ke zuwa lokaci guda har a ɗauka ɗaya ne ya haifi ɗaya. Wanda ya kwana ba gidan sauro zai kamu ko da bai taɓa jiƙewa ba. Ni ma ta kama ni, a nan kuma na yi wautar da ta fi ta kwalbati. Kwana uku da gama shan magani na ce na warke, na hau keke na nufi inda na saba zuwa, don kada abokan yawo su ce tsufa ya zo. Ban yi nisa ba na ga gari yana duhu, kunnuwana suna ƙara. Da kyar na kai gaban rumfar wata Bayarabiya mai sayar da kayan miya. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, tana ta yi mini sannu da harshensu, ta kuma hana ni tashi sai da aka zo aka tafi da ni. Daga baya likita ya yi mini bayani cewa wannan zazzaɓi jajayen ƙwayoyin jini yake fasawa, don haka ko zafin jiki ya sauka, jini bai gama komawa daidai ba, sai an ba shi lokaci da abinci.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya da ni, domin a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Fara hawan keke ba wuya, ɗoki yana ɗaukar mutum. Komawa bayan jinya shi ne aiki. Keke yana jingine a bango, taya ta sace, ƙura ta hau sirdi, uwargida ta mai da shi wurin shanya tsumma. Kullum ka wuce ka kalle shi ka ce gobe. Ranar da ka daure ka hau kuma sai ka tarar tudun da kake hayewa kana hira yanzu ya gagare ka, yaron da ka koya wa hawa ya wuce ka yana waiwaye. Zuciya ta ce maka ai ka ga irinta, girma ya zo, ka haƙura. Na san mutum uku da suka ajiye keke a daidai wannan gaɓa, ba kuwa ciwon ne ya hana su ba, haushin komawa baya ne. Ni abin da ya fisshe ni shi ne na daina gwada kaina da mutumin da nake kafin ciwo. Na koma minti 10 kamar ranar farko, a fili ba tudu, kwana ɗaya a hau kwana ɗaya a huta, ina ƙara kaɗan kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Sau biyu ina sake gini daga tushe, kuma duk sau biyun ƙarfin ya dawo da sauri fiye da yadda na tara shi da fari.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya zubar da ƙwayoyinsa. Keke yana taimakon magani, ba ya maye gurbinsa. Har yau ina shan nawa kowace safiya, ina kuma zuwa awo. Mai hawan jini da jininsa ya hau ƙwarai, ko mai ciwon zuciya, ya ga likita tukuna kafin ya taka feda. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura kada ya fita da yunwa, ya sa dabino biyu uku a aljihu saboda motsi yana iya saukar da sukarin fiye da kima, ya sa takalmi rufaffe, ya kuma duba ƙafafunsa in ya dawo, don ɗan ƙaramin rauni a wurinsa ba ƙarami ba ne. Ma'aunin gudu kuwa mai sauƙi ne: in kana iya magana da na kusa da kai kana tafiya, daidai ne, in magana ta gagara, ka wuce gona da iri. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko zafi yana sauka hannunsa na hagu, ko jiri, ya sauka nan take a nemi asibiti, kada ya ce bari ya ƙarasa gida. Da azumi ni nakan rage, in ɗan zaga dab da shan ruwa.

Saura hujja guda, ita ce kuwa mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Za a ce hanyoyin Ikko ba na keke ba ne. Haka ne. Direban danfo ba ya ganin mai keke a matsayin mutum, tirela kuwa ko ta taka ka ba ta sani ba. Ba zan ce wa kowa ya hau babbar hanyar Ikorodu ko ta Oshodi zuwa Apapa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma garin nan yana da sa'ar da yake barci. Ranar Lahadi daga ƙarfe 6 zuwa 8 na safe, titunan cikin unguwa irin na rukunin gidajen gwamnati na Ikeja fayau suke, ka ji kukan tsuntsaye a Ikko har ka yi mamaki. 'Yan Sabo na Badun su yi haƙuri da tudun Mokola, su fara da inda ya fi kwanciya. A sa hular kwano, a sa riga mai haske, a ɗaura fitila gaba da baya, a fita mutum uku ko huɗu don an fi ganin ayari. Kuma a riƙe katin shaida a aljihu. Dukanmu mun san tun da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Ikko a 2022, ɗan Arewa a kan abu mai taya biyu da sassafe ba ya rasa mai tare shi da tambaya. An tare ni ba sau ɗaya ba. Na yi sallama, na nuna kati, na ce likita ne ya aiko ni. Yanzu masu gadin su ke fara ɗaga mini hannu.

Hukuma ma tana da nata laifin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Yuni ta zama ranar keke tun 2018, a kan ga manya sun hau an ɗauki hoto, sa'an nan a mai da kekunan sito sai baɗi. Ƙasar da 'yar tserenta, Ese Ukpeseraye, sai da ta ari keke a wurin Jamusawa kafin ta shiga wata gasa a wasannin Olamfik na Paris a 2024, ba sai an tambayi matsayin keke a wurinta ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, mutane da yawa za su so su koma keke in da za su tsira da ransu. Ni ban ma roƙi a yi mana hanya ta musamman ba tukuna. A rufe kwalbatoci kawai, a kuma kama masu sace murafen. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su ma ga aiki: abin awon jini ba shi da tsadar da ƙungiya za ta kasa saya ta ajiye a ofishinta, kuɗinsa bai kai na hayar motar da ake mai da marar lafiya gida ba. Matanmu kuwa, da ke yini a ɗaki guda sun fi mu rashin motsi, maganarsu tana bukatar fili nata daban, amma maigidan da ya sami lafiya a kan keke ya bar uwargida da kumburin ƙafa bai yi adalci ba.

Abokina mai goro, bayan kamar wata biyu da waccan magana, ya same ni da dare yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya tambaye ni nawa ake sayar da irin keken nan, wai yaronsa ne yake so. Na raka shi muka sayo. Da mai gyara ya zo daidaita sirdi sai na ga ya tsaya kusa da keken yana gwada shi da ƙugunsa, yaron kuwa ko zuwa bai yi ba. Ban ce komai ba. Ashe an auna shi a asibiti an faɗa masa irin abin da aka faɗa mini. Mun yi da shi ranar Lahadi mai zuwa ƙarfe 6, minti 10 kacal, daga bakin layin dogo mu dawo. In an wayi gari da yayyafi zan ƙwanƙwasa masa ƙofa duk da haka. In kuwa tsawa ake yi, sai mu zauna a rumfarsa mu sha shayi, ba sukari.